Tarbiyyar da Aka Yi Mana a Bakin Aiki

A gidajen masu bi na karkarar Zazzau da kudancin Katsina, inda na tashi, ba a san a shimfiɗa tabarma a zaunar da yaro a ce yau za a koya masa gaskiya ko riƙon amana ba. Babu mai wannan lokacin, kuma da wani ya gwada da an ce ya rasa abin yi. Akwai addu'ar asuba, akwai Makarantar Lahadi, akwai ayar haddacewa da ake yi wa bita ranar Asabar da dare. Amma yawancin abin da ya shiga jikinmu ya zauna, a wani wurin ya shiga: bakin turmi, hanyar rafi, gindin rumbu, layin masu awo a kasuwa. Babba yana aikinsa, yaro yana gefe yana miƙo masa kaya, sai wani abu ya gifta, babban ya yi magana biyu ko uku, a ci gaba da aiki.

Da kaka aka fi ganin haka. Idan an gama yankan dawa an ɗaure dammuna, akan jera su a bakin gona kafin a ɗora wa jakuna. Mahaifinmu yakan sa yara su yi ƙirga da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har tara, na goma a jawo shi gefe. Wannan zakka ce, ta Ubangiji, majami'a za a kai. Wata shekara yayana, da ya fara wayo, ya lura ashe dami suna ne ya tara. Sai ya shiga dabarar jeri yadda na goma zai riƙa faɗawa kan ƙanana, masu zangarnun da tsuntsu ya taɓa. Baba yana gani, ya ƙyale shi ya gama tsaf. Sannan ya je ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ya jinjina shi, ya ce, "Da Kawunka ne ya zo daga Funtuwa, wannan za ka ɗaura masa ya tafi da shi?" Yayana ya sunkuyar da kai ya ce, "A'a, Baba." Baba ya ce, "To, mayar da su ka sake ƙirga." Iyakar maganar ke nan. Ba a buɗe Littafi ba, ba a kira sunan Kayinu da Habila ba, ba a ɗauko tsumagiya ba. Sai da na girma na ci karo da irin wannan tambaya a littafin Malakai, inda ake tuhumar masu kai gurguwar dabba ko makauniya hadaya, ana tambayarsu ko mai mulkinsu zai karɓi irinta. Ko Baba daga can ya ɗauko, ko daga hankalinsa na manomi, abin da ya tabbata shi ne yayana ya tsufa bai manta da nauyin wannan dami ba.

Bayan an kwashe amfani kuma akwai kala. Mu yara idonmu na kan kowace zangarniya da ta faɗi, amma sai a ce mana a bar ta, akwai masu ita. Masu itan su ne tsofaffi da gwauraye da za su bi gonar da ƙwarya washegari. Al'adar Bahaushe ce tun kafin bishara ta iso, amma iyayenmu sun same ta a rubuce a littafin Firistoci, sun kuma san labarin Rut da ta yi kala a gonar Bo'aza, don haka suka riƙe ta da hannu biyu. Yaron da aka hana shi tsince gonar ubansa ƙarƙaf ya riga ya ji a jikinsa cewa a cikin abin da ya yi wa gumi akwai rabon wani.

Darasin Inna kuwa a kasuwa yake. Kowa ya san akwai masu awo da ke da mudu biyu, mai zurfi na saye, da wanda aka bubbuga wa gindi na sayarwa. Nata ɗaya ne, da shi take saye da shi take sayarwa, ta cika shi ya yi tsororo, ta ƙara gyara. Mu ne masu riƙe bakin buhu, saboda haka muna gani. Ranar da ƙanwata ta tambaye ta me ya sa ba ta yin yadda maƙwabciyarta a layi take yi, amsar ba ta wuce haka ba: "Ita da nata Mai gani, ni da nawa." Ta juya ga mai saye na gaba.

Akwai dalilin da ya sa tarbiyyar ta bi wannan hanya. Da yawa daga cikin iyayen nan su ne farkon masu bi a zuriyarsu, wasu daga Maguzawa, wasu jikokin Isawa. Karatunsu na ajin yamma ne ko na ajin baftisma. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, bayan doguwar wahalar Likita Miller da abokan aikinsa, kuma shekaru da yawa bayan haka guda ɗaya ne a gida, a naɗe cikin ƙyalle, tare da Littafin Waƙoƙi. Mai bishara guda yana zagaya ƙauyuka a kan keke. Gidan da ke da rediyo yakan tara mutane da yamma a ji shirin Hausa na ELWA, wadda ta fara watsa shiri daga Monrovia a 1954, ko Muryar Bishara da ake haɗawa a Jos a watsa daga Addis Ababa har zuwa 1977. Ban da wannan babu littafin yara mai hoto, babu malamin da ya yi kwas. Abin da mutum ya ji ranar Lahadi shi zai juya har mako, kuma ba shi da inda zai sauke shi sai a kan abin da ke gabansa: fartanya, akuya, baƙon da ya kwana a zaure.

Idan aka duba da kyau, hanyar ba baƙuwa ba ce ga Littafin. A sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a an umarci iyaye su riƙa zancen umarnan Allah da 'ya'yansu, kuma lokutan da aka lissafa duk na yau da kullum ne: zaman gida, tafiya a hanya, kwanciya, tashi. Yesu kansa da irin wannan kaya ya yi koyarwa, mai shuka da irinsa, mace da ƙullinta, kuɗin da ya ɓace aka share ɗaki ana nema, tunkiyar da ta bar garke. Manomin Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa ko ɗaya daga ciki, jiya ma ya yi su.

Idan ana zancen Wusasa, inda mishan ta koma daga cikin birnin Zariya a 1929, akan lissafa mutanen da suka bi ta wannan al'umma, su Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Janar Yakubu Gowon, a jingina komai ga makaranta. Makaranta ta yi nata, babu ja. Ni dai ina ganin akan manta da gidajen da yaran suke komawa bayan an tashi, da matan da suke tura su ɗebo ruwa. Ba a rubuta tarihin waɗannan matan ba, don abin da suka yi ba ya barin takarda.

Kada in mai da zamanin aljanna. An yi duka, wani lokaci dukan da ya wuce laifi, ana fakewa da ayar sanda. Yaro ba ya tambaya sau biyu. 'Ya'ya mata sun ɗauki kaya fiye da kima, su ne surfe, su ne raino, su ne talla, kuma sau da yawa su ake fara cirewa daga makaranta idan kuɗi ya gaza. Akwai waɗanda suka girma suna tsoron Allah irin tsoron da suke yi wa bulalar ubansu, suka kai shekara arba'in kafin su yarda cewa akwai alheri a cikin al'amarin. Wanda ke son a dawo da wancan zamani ɗungurungum, ya fara tambayar yayyensa mata.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Bayan yaƙin basasa gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan, a 1976 aka buɗe shirin UPE, yara suka cika aji, wanda abin murna ne. Waɗanda suka yi karatu suka bi aikin albashi zuwa Kaduna da Kano da Jos, daga baya Abuja. Injin niƙa ya kashe dutsen niƙa, injin casa ya rage aikin turmi, mai kura da ruwan leda suka maye hanyar rafi, gas ya hana zuwa itace. Kowanne ɗaya rahama ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin tafin hannun uwarsa ba zai ce a koma ba. Sai dai kowane aiki da inji ya ɗauke ya tafi da wani abu da ba a lura da shi ba, wato sa'o'in da babba da yaro suke yi kafaɗa da kafaɗa. A yau uba ya fita kafin gari ya waye, uwa tana ofis ko shago, yaro daga makaranta sai lesin, daga lesin sai aikin gida, ya ci abinci a farantinsa shi kaɗai a gaban talabijin. Cin tuwo a kwano ɗaya ma makaranta ce: a nan ake sanin wanda hannunsa ke riga na kowa zuwa wurin nama, a nan babban wa yake koyon bar wa ƙarami loma ta ƙarshe. Faranti ɗai-ɗai ya fi tsabta, amma ba ya tona halin kowa.

Da muka ji gibin, sai muka cike shi da shirye-shirye. Ba a taɓa yin zamanin da yaran masu bi suke jin wa'azi kamar yanzu ba. Akwai sujadar yara daban da ta manya, akwai Boys' Brigade da Girls' Brigade, akwai makarantar Littafi ta hutu, gasar aya, zangon matasa, makarantar kuɗi da ke buɗe kowace safiya da addu'a. Ban raina ko ɗaya ba, malaman Makarantar Lahadi suna aikin da ba a biyansu ko sisi. Amma malama tana da yaron sa'a ɗaya ko biyu a mako, yana sanye da kayan fita, yana kan halinsa na gari. Ba ta nan lokacin da ya ɓoye canjin aike, ba ta nan lokacin da ya mari ƙanwarsa a kan rimot. Za ta iya koya masa labarin Basamariye mai kirki har ya ci kyauta a kai, amma ba ita ke tare da shi ba ranar da motar gidansu ta wuce wanda babur ya kayar. Harshe ma ya shiga tsakani. A gidaje da yawa na birni yara Turanci suke ji, Kaka kuwa Hausa, sai ka ga tsohuwar da ta tarbiyyantar da mutum takwas tana zaune a falo ba ta da ta cewa da jikokinta sai "kam" da "sidon".

Akwai asarar da ta fi wannan ciwo. A garinmu, idan Kirsimeti ta zo, maƙwabcinmu Musulmi ake kira ya yanka akuya, don kowa ya iya ci. Da hantsi sai a jera mana kwanonin shinkafa da miya, a ce wannan gidan Malam, wannan gidan Alhaji, wannan gidan Gwaggo mai ƙosai. Ka yi sallama, ka durƙusa, ka ce, "Wai in ji Inna, ga abin Kirsimeti." A sa maka albarka, a ba ka kwabo ko alewa. Da Babbar Sallah kuma kwanonin su dawo da nama. Babu wanda ya yi mana lacca kan ƙaunar maƙwabci, ƙafarmu ce ta san hanyar gidansa. Daga rikicin Kafanchan na 1987, zuwa Zangon Kataf a 1992, zuwa abin da ya faru a Kaduna a 2000, unguwanni suka rabu. A Kaduna kogi ya zama kamar iyaka, yawancin Kirista suka tattara a kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Television, yawancin Musulmi a su Rigasa da Tudun Wada. An zubar da jini ta kowane ɓangare, kuma ba na zargin wanda ya kwashe iyalinsa don tsira. Amma sakamakon shi ne akwai yaran da suka kai aure ba su taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da suka sani game da "su" daga hirar manya suke tsinta, a mota, a falo, lokacin da ake kallon labarai. Iyayen da ke koya wa yaro da safe ya ƙaunaci magabcinsa, da yamma su yi wa ƙabila guda kuɗin goro a gabansa, su sani ta yamman ce za ta zauna.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin mun kasa lura da shi. Koyarwar yau da kullum ba ta tsaya ba, wurinta ne ya sauya, kuma yanzu tana tafiya ba da saninmu ba. Tun da wayar salula ta shigo a 2001 yara suke jin ubansu yana kwance a kujera yana cewa, "Ina hanya, ga ni nan kusa." Suna jin ana ce musu, "In mai bashi ya zo, ce ba na nan." Suna bayan mota lokacin da aka dunƙule takardar kuɗi aka miƙa a shingen hanya, suna gani ana bin hannun da ba namu ba don an makara zuwa sujada. Sun san an biya kuɗi an mai da yayansu wata makarantar ƙauye don jarrabawar fita ta zo da sauƙi, sun kuma ji an tsaya a majami'a an yi shaidar godiya a kan sakamakon. Yaro ba ya gardama, lissafi yake yi.

Babbar jarrabawa a gidan birni kuwa ita ce 'yar aiki. An ɗauko ta daga ƙauye, sau da yawa 'yar dangi ce, kusan sa'ar 'ya'yan gida. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Idan tana cin ƙanzo a kicin bayan kowa ya ƙoshi, idan 'ya'yan gida suna makarantar kuɗi ita tana ta gwamnati ko ba ta zuwa ko'ina, idan ɗan shekara shida yana kiranta da "ke" yana jefa mata takalmi ta goge, to an gama koya masa wane ne mutum da wanda ba mutum ba. Ayar da ta ce an halicci kowa cikin kamannin Allah zai haddace ta, ya tashi da ita a gasa, amma fassararta a kicin ya gani. Na san gidajen da ba haka suke ba, inda ake ɗinka wa yarinyar kayan Kirsimeti daga yadi ɗaya da na 'yan gida, ake sa ɗan gida ya wanke kwanon da ya ci. Yaran irin waɗannan gidaje ana gane su tun daga gaisuwa.

Kuma damar ba ta ƙare ba ga mai ido. Kwanakin baya ina tsaye a rumfar mai POS, wata mata da zanen Zumuntar Mata ta ciri kuɗi, ta matsa gefe tana ƙirgawa, ɗanta yana riƙe da ledar cefane. Ta ƙirga sau biyu, ta zare takardu biyu na naira 1,000 ta miƙa wa yaron, ta ce, "Kai wa Antinka, ta yi mana ƙari." Yaron ya rage murya ya ce, "Mama, ai ba ta sani ba." Uwar ta ce, "Da yamma za ta sani, in mai shago ya cire a albashinta. Je ka." Da ta ga dama da ta miƙa da kanta, taku uku ne. Ta zaɓi kuɗin ya bi ta hannun yaron, ya ga fuskar yarinyar lokacin da ta karɓa tana ta godiya. Wannan mata ba ta da gona, ba ta da rumbu, amma ta san abin da iyayenmu suka sani.

Irin wannan ba ya samuwa sai ana tare. Sai an tafi kasuwa da yaro maimakon a bar shi da waya don kada ya dame mu. Sai an ɗauke shi zuwa dubiya asibiti da gaisuwar rasuwa, ya ga yadda ake zama da mai baƙin ciki. Sai an ba shi baikonsa a hannu daga kuɗin da ya san na shi ne, ba a tura ta tiransifa a madadin gida duka ba. Idan an ɗauke wuta, ba dole ne a tayar da janareta nan take ba, duhun nan ne kaɗai ya rage mana daga daren tatsuniya. Cunkoson hanya ma, da muke tsine wa kullum, shi ne wuri guda da uba da ɗa suke zama sa'a guda babu mai iya tashi. Aikin zai yi jinkiri, cefanen minti ashirin zai koma sa'a, girkin zai yi gishiri. Iyayenmu ma da sun fi sauri ba tare da mu ba.

Maganata ta ƙarshe ga fastoci da dattawan ikilisiya ce. Ku ɗauki jadawalin mako ku duba: Litinin taron dattawa, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis mawaƙa, Juma'a kwanan addu'a, Asabar biki ko shirin Lahadi. Waɗanda suka fi himma a majami'a su ne 'ya'yansu suka fi rashinsu da yamma, sannan mu hau bagade mu yi faɗa cewa yaran zamani sun lalace. Ku ware yammaci biyu a kowane mako da babu taro ko ɗaya, ku sanar daga bagade cewa na gida ne, ku ma ku koma naku gidajen.